Ihun Heita a Kan Gada

Nerima, Tokyo
Farkon Disamba

Zuwa ga Maman Heita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi lafiya, yaya jikin? Wurin ɗinkin yana ƙaiƙayin da likita ya ce zai yi? Kada ki sosa, na san halinki. Yaya sanyin garin Sakata? Na ji a rediyo an ce dusar ƙanƙara ta fara sauka a wajenku, don haka ki riƙa naɗe wuyan da gyalen ulun nan ko da kina cikin ɗaki. Ki gaishe min da Yaya Tokiko, ki ce na gode da ɗawainiyar da take yi da ke, Allah ya saka da alheri.

Ni nan lafiya ƙalau, in ban da gidan da ya yi min faɗi. Nakan ɗauki kan waya zan kira ki, sai in tuna ba ki da muryar amsawa, in ajiye. To, ga takarda ga alƙalami. Dama kin sha cewa a rubuce na iya magana, a baki kuwa sai gunaguni. Tukunyar shinkafa ta ƙi ni, jiya ta ba ni kunu, yau ta ba ni tsakuwa. Maƙwabciyarmu ta kawo min dafaffen kabewa, ta tsaya a bakin ƙofa tana miƙa wuya don ta ga irin ɓarnar da na yi wa gidanki. Na tare ƙofar da jikina har ta tafi.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. An aiko min da kaset ɗin katun ɗinku na talabijin, kashin nan na gada, wato na ƙarshe da kika ɗauka kafin ki kwanta asibiti. Na kalla, na yi sharhi, mujalla ta fito da shi yau, ga shi nan na yanko na haɗo miki. Kafin ki karanta ki zauna tukuna, don na karya dokata.

Kin san dokar. Tun kafin a fara Heita Mai Gangar Tsawa nake riƙe da shafin sharhin katun ɗin yara a mujallar nan, kuma tun ranar da aka ba ki muryar yaron ban taɓa ambaton ki ba. Edita ya san ke matata ce, masu karatu ba su sani ba, tunda da sunan gidanku kike aiki. Na zagi masu zane, na zagi masu rubuta labari, na zagi mai kiɗa har ya daina gaishe ni, amma muryar Heita na bar ta inda take, kada a ce tsoho yana yabon miyar gidansu. Ke ma kin ce hakan ya fi.

Rabin farko na sharhin irin wanda kika sani ne. Na ce dodon kogi ya tsaya yana zuba surutu bakinsa kaɗai ke motsi, kamar an hana masu zane abinci. Na ce hoton gudun Heita wanda muka gani bara ne aka sake mannawa, ko bishiyar da ke bayansa ba su ji kunyar canzawa ba. Na ce an fasa gangar yaron ne don masu kayan wasa su sayar da sabuwa kafin sabuwar shekara, wannan ko jariri ya sani. Duk gaskiya ne, ba kuma zan janye ba.

Amma daga inda gangar ta fashe, ruwa yana hawa, abokansa suna maƙale a ƙarƙashin gada, ba shi da abin da zai kira tsawa da shi sai bakinsa, daga nan alƙalamina ya ƙi zagi. Ga abin da na rubuta, ko da almakashi ya ci gefen takardar:

“Sai Heita ya buɗe baki. Ba ihun jarumi ba ne, ihun yaro ne da ya gane ba mai zuwa ceto. Ya taso daga ƙasa, ya tsage a tsakiya, ya ƙi mutuwa. Mutum ɗaya ce a ƙasar nan za ta iya wannan, sunanta Sumie Narisawa, kuma a duk shekarun da ta yi tana riƙe da yaron nan ba ta taɓa kaiwa nan ba. Ko cikin murya dubu aka ɓoye wannan, zan tsamo ta.”

Sumie, na yi kuka ni kaɗai a gaban talabijin, ba zan ɓoye miki ba. Allah bai ba mu haihuwa ba, ya ba mu wannan ja'irin mai ganga, kuma ta bangon banɗaki na ji girmansa, kina gwada ihu a cikin baho maƙwabta suna buga mana bango. Tunda likita ya ce muryar ba za ta dawo ba, na ga bai kamata ki sauka ba tare da mijinki ya faɗi a bainar jama'a abin da ya daɗe da sani ba. Kin rufe aikinki da abin da ya fi kowanne kyau, ina alfahari da ke.

Ki rubuto min, ko zagi ne na karya doka, ina so. Ki ci abinci. Allah ya ƙara sauƙi.

Naki,
Teiji

Nerima, Tokyo
Ƙarshen Disamba

Zuwa ga Maman Heita,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya haɗiyar abinci? Kin fara cin mai tauri ko har yanzu sai ruwa-ruwa? Ina fatan sanyi bai takura miki ba, kuma Yaya Tokiko da mutanen gida suna lafiya.

Kullum sai na sauka na buɗe akwatin wasiƙu, in tarar da takardar wuta da tallan shagon katifa. Taki babu. Da na gaji na kira gidan, Yaya ta ɗauka. Na tambaye ta ko saƙona ya iso. Ta ce, “Ya iso. Ta karanta, ta ninke, ta shiga ɗaki, ranar ko miya ba ta sha ba.” Na ce to me na yi? Sai ta ce, “Teiji, wai kai da wane kunne kake aikin nan naka?” ta ajiye waya. Na san Yaya ba ta taɓa ganin na isa ba tun ranar da na zo neman aurenki da takalmi mai huda, shi ya sa ban ɗauki maganarta da zafi ba. Amma shirunki ya dame ni.

In don dokar ce, ai ni na kafa ta, ni kuma na karya. Wa ya mutu? Masu karatu sun aiko da kwali cike da wasiƙu, iyaye suna cewa 'ya'yansu sun ƙi cin abincin safe saboda ihun nan, wata ta ce ɗanta ya hau teburi yana kwaikwayo har ya shaƙe. Mutum ya yabi matarsa sau ɗaya a rayuwarsa, sai a ɗauke masa wuta? Raina ya ɗan ɓaci, gara in faɗa miki.

Na je walimar ƙarshen shekara ta ma'aikatan Heita a madadinki, na kai musu kwalin alewar wake da sunanki kamar yadda kike yi. Darakta Hoshikawa ya zaunar da ni kusa da shi, ya yi ta cika min kofi. Kowa yana tambayar jikinki. Amma da na ɗauko zancen kashin gada sai wannan ya duba kwanonsa, wancan ya tuna yana da fitsari. Na ce a raina kewarki ce ta kama su, har na ji daɗi.

A nan na ga yarinyar da aka ba Heita, Chinatsu Ebara. Kin san ta, ita ce take yi muku kukan tsuntsaye da yaran cikin taro. 'Yar firit da ita, in iska ta taso sai an riƙe ta. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta kasa ɗaga ido. Hoshikawa ya ce har yau ta ƙi tsayawa a makirfon hagu, naki, ta gwammace ta yi ta zagaye a bayan mutane. Na ce ta kyauta, tana da tarbiyya.

Sai na ga ya kamata in yi mata nasiha, tunda ba kya nan. Na ce, “'Yata, takalmin da aka ba ki ya fi ƙafarki, ba laifinki ba ne. Ki nemi kaset ɗin kashin gada, ki saurari ihun nan safe da yamma. Ba za ki iya shi ba, kada ma ki wahalar da maƙogwaronki, amma ki san inda ake nufa.” Yarinyar nan sai ta kifa goshi a tabarma tana cewa, “Ka yafe min, Malam, ka yafe min.” Na ce me kika yi min da zan yafe? Hoshikawa ya dafa ni ya ce, “Malam Teiji, sha abinka ka ƙyale yarinya.” Yaran yanzu ba a yi musu magana sai kuka. Ke a zamaninki darakta ya jefe ki da takardun wasa, kika tsince su kika koma makirfo.

Sati na biyu na sabuwar shekara za a nuna kashinta na farko. Ba za a aiko min da kaset ba wannan karon, wai ba su gama haɗawa ba, sai dai in kalla ranar Lahadi da safe tare da yaran ƙasa. Zan yi mata adalci, amma ba zan yi mata ƙarya ba.

Na share gida na sabuwar shekara iyakar iyawata, na rataya igiyar nan ta al'ada a ƙofa, a karkace take amma tana nan. Ban daka komai ba, a shago na sayo wainar shinkafa. Ki rubuto, Sumie, ko layi ɗaya ne. Allah ya sa mu shiga sabuwar shekara lafiya.

Mijinki mai jira,
Teiji

Nerima, Tokyo
Tsakiyar Janairu

Zuwa ga Sumie,

Ina gaishe ki. Ina fatan jiki yana ƙara sauƙi, kuma kin shiga shekara lafiya, ke da Yaya. Ban san yadda zan tambayi lafiyarki ba a wannan wasiƙar ba tare da na ji kunya ba, amma ina tambaya.

Na sani yanzu. Bari in faɗa miki yadda aka yi, don ki san girman wautar mijinki.

Ranar Lahadi na zauna da takarda da alƙalami a wurina, na bar naki wurin. Kashin ba laifi. Muryar yarinyar a wurin hira ta ɗan fi taki sirantaka, tana saurin haɗiye ƙarshen magana, duk na rubuta. Sai aka zo faɗa, Heita ya ɗaga sabuwar gangar, ya yi ihu. Alƙalamin ya faɗi daga hannuna. Ihun gada ne. Yadda ya taso, inda ya tsage, duk shi ne.

Kin san abin da na ɗauka? Na ɗauka sata aka yi miki. Na ce sun yanko muryarki daga tsohon kaset sun manna, sun sa sunan yarinya a kai, ke kina can ba bakin magana. Ranar Litinin ko shayi ban sha ba na kama jirgin ƙasa. Na shiga ofishin Hoshikawa ba sallama, na kira shi ɓarawo a gaban yaransa, na ce sai na tona shi a mujalla, sai ya bar sana'ar nan. Da na gama ya miƙe ya ce, “Zo, Malam.”

Ya kai ni ɗakin ɗaukar murya, ya zaunar da ni a bayan gilashi, ya sa aka kira Chinatsu. Ta shigo, ta cire takalmi, ta tsaya a makirfon tsakiya. Ya ɗaga mata hannu. Sumie, a gabana, daga wannan ɗan ƙirjin, ihun ya fito. Gani ya kori ji. Na nemi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Bayan ta fita ya ba ni labari. Ya ce tun lokacin furen bazara, da sanyi ya tafi, muryarki ta fara yankewa in kin hau sama. Hira kina iya ta, ihu ne ya gagara. Ya ce ke da kanki kika zaɓo yarinyar, kika riƙa tsare ta bayan an tashi kina koya mata inda ake ajiye numfashi da inda ake barin murya ta tsage. Ranar ɗauka kuwa, kin san yadda kuke yi, mutum fiye da goma a kan makirfo uku, wannan ya faɗi nasa ya ja baya ba motsi, wancan ya shigo. Sai ki faɗi maganar Heita har bakin ihu, ki zame, ita ta shigo, ke kina bayanta tafinki a gadon bayanta kina tura mata numfashi. Ta gama ta zame, ki dawo ki ƙarasa. Ko masu haɗa sauti sai sun duba takarda suke gane wurin ɗinkin. Tun daga bazara har kashin gada, ba ihu ɗaya da yake naki.

Ya ce ya tambaye ki, “To maigidan fa? Shi da yake sauraron mu da kunnen zomo?” Wai sai kika yi dariya kika ce, “Wannan ba sai an gaya masa ba. Lahadin farko zai juyo ya ce min, wace ce wannan? Ranar da ya juyo, ranar zan ajiye aiki in je in ga likita.”

Ban juyo ba. Bazara ta wuce, zafi ya wuce, ganye ya zube, ban juyo ba. Yanzu nake tuna yadda kike zama a gefena ranar Lahadi. Ba talabijin kike kallo ba, fuskata kike kallo. Ni kuwa ina can ina ƙirga kurakuran masu zane, har nakan ce ki daina kallona kina raba min hankali. Na ga kin rage magana a gida, kin daina gwaji a banɗaki, kina ta shan zuma da ruwan ɗumi. Na tambaya sau ɗaya kika ce mura ce, na karɓa, don shirun ya yi min daɗin rubutu. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ni nawa ɗakin yana zuba a kaina ina yabon rufin.

Kuma na tuna maganar likita ranar da ya nuna mana hoton maƙogwaronki, da ya ce da an zo da wuri da wataƙila ba sai an cire akwatin muryar duka ba. Na ɗauka da ke yake, har na yi miki faɗa a hanyar gida kan taurin kai. Kika juya kina kallon taga. Ashe ni kike jira.

Sannan na ɗauki alƙalami, a karo na farko da na ambaci sunanki a duniya, na ce ba ki taɓa yin abin da ya kai wannan kyau ba. Na yanko na aiko miki har gadon jinya, ina jiran godiya.

Ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba. Zuciyata ta karye, kuma na san ba ta kai taki ba. Edita yana jiran sharhin kashin yarinyar, na ce masa ba ni da lafiya. Ina so in rubuta gyara, in faɗa wa masu karatu cewa na yi kuskure, in gaya musu abin da kika yi a bayan yarinyar nan, wanda ya fi ihun wuya. Amma ba zan ƙara taɓa sunanki ba sai da izininki. Ina kuma so in zo Sakata. Ba sai kin fito ba, ko a zaure Yaya ta bar ni na gode.

Ki huta lafiya, in kin iya.

Teiji

Nerima, Tokyo
Farkon Fabrairu

Zuwa ga Sumie, matata,

Bayan gaisuwa da fatan kina samun sauƙi, wasiƙarki ta iso. Na gode. Na ji daɗi da kika ce kin fara cin shinkafa, kuma kina fita har bakin kogi in rana ta leƙo. Ki riƙa bi a hankali, ƙanƙarar gefen hanya ba ta da amana. Ki gaishe da Yaya, ki ce mata na gane tambayar da ta yi min.

Na karanta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, na sake karantawa a zaune. Kin ce ba kya fushi. Kin ce, “Aikina ya yi kyau ke nan. In har kai ba ka gane ba, yara ba za su gane ba, Heita ba zai mutu ba.” Kin ce maganar asibiti taurin kanki ne, kada in ɗora wa kaina. Wannan ba zan iya yi miki biyayya a kai ba. Inda ya fi yanka ni shi ne inda kika ce kowace Lahadi kina addu'a biyu, kada in gane, kuma in gane, duk wadda aka karɓa sai kin yi kuka a banɗaki.

Kin hana ni gyara. Kin ce zai jawo wa Hoshikawa magana, zai ɓata wa yarinya farawa, kuma yaran da suka hau teburi suna ihu ba su yi laifin da za a ƙwace musu abinsu ba. Na ji, na bi. Ke nan abin da na rubuta zai zauna yadda yake, kuma duk wanda ya nemi abin da na taɓa faɗa a kanki, yabon muryar wata zai samu. Wannan hukuncin ya yi min daidai.

Kin ce in faɗi gaskiya a kan Chinatsu, kada in rage mata don in faranta miki. Na yi, ya fito jiya. Na ce labarin kashin shirme ne, sabuwar gangar ta yi kama da tukunyar shinkafa, kuma wanda ya zana hannun dodo bai taɓa ganin hannu ba. Game da ita na ce, “Sabuwar muryar tana sauri a wurin hira, lokaci zai gyara wannan. A wurin ihu ba ta da abin gyara. Wanda ya koya mata ya ba ta duk abin da yake da shi, bai rage komai ba.” Iyakar abin da na iya sakawa ke nan ba tare da na saɓa miki ba. Chinatsu ta aiko da kati tana godiya, ban iya ba ta amsa ba tukuna.

Sai maganar ƙarshe ta wasiƙarki. Kin ce kada in zo. Kin ce in haɗa miki kayan bazara da keken ɗinki in aiko, za ki zauna wurin Yaya, ba ki san zuwa yaushe ba. Kin ce ba za ki iya sake zama a gefena ranar Lahadi ba, kuma gidanmu duk satinsa Lahadi yake jira. Na so in yi gardama, kin san ni, amma me zan ce? Na haɗa kayan. Ban iya ninki ba, za ki ga rigunan sun yamutse, ki yi haƙuri. Masu ɗaukar kaya za su zo jibi.

Akwai abin da na yi wanda ban gaya miki ba. Na sauko da kaset-kaset ɗin Heita duka daga kan kabad, na ce sai na gano ihunki na ƙarshe, in rubuto miki in ce ga shi, a kashi kaza ne, na gane. Na yi kwanaki ina sa wannan ina cire wancan. Zan iya kiran Hoshikawa ya faɗa min, in zo in yi miki burga da shi, amma na gaji da zama mai sani. Ban gano ba, Sumie. Na kasa.

Da na kasa sai na ce to bari in ji ki ke kanki, ba yaron ba. Na birkice gidan nan. Kaset ya fi ƙarfin kabad, duk Heita ne. Na'urar amsa waya muryata ce a ciki, don kin ce in taki ce yara za su dame mu da kira. Bikinmu ba a ɗauka ba. Muryar da kike kirana da ita in abinci ya sauka, wadda kike ce min “Malam mai ƙorafi, miya za ta huce,” babu ta a ko'ina. Na zauna na rufe ido in jiyo ta a kaina, sai Heita ya amsa, kuma ban san ko ke ce ko yarinyar ba. Shekara talatin ina sauraron muryoyin mutane ina ba su maki, ban ajiye taki ba.

Shi ya sa zan roƙi abu ɗaya, in kin ƙi ba zan ƙara tambaya ba. Na tuna a bikin ɗan Yaya an miƙa miki makirfo kin yi wa ango da amarya nasiha da muryarki ta gida, har kika yi dariya a tsakiya kika manta abin da za ki ce. Ina jin an ɗauka a kaset. Don Allah ki tambayi Yaya ko yana nan. In yana nan, a kwafa min.

In za ki aiko, ki rubuta sunanki a jikinsa da hannunki. Na daina yarda da kunnena.

Allah ya ba ki lafiya, ya sa ki ga bazara da ƙarfinki.

Mijinki,
Teiji